Jegon da Na Yi a Zaune

Assalamu alaikum 'yan'uwana mata. Ban yi niyyar ba da labarin nan ba, sai da na je barka a unguwarmu kwanakin baya na tarar da mai jego tana haki tsakanin kalma da kalma, ƙafafunta sun cika tam, mata suna ta yi mata dariya wai ƙibar jego ce ta karɓe ta. Na ja yayarta gefe na faɗa mata abin da na sani. Da na dawo gida abinci ya ƙi shiga bakina. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ko Allah zai sa ya isa kunnen wata.

Sunana Balkisu. 'Yar Damri ce ni, aure ya kawo ni Talata Mafara. Maigidana, Lawali, mahauci ne, yana kuma bin kasuwanni sayen shanu. Ni ce 'yar fari a wurin Inna. Inna Bafulatana ce, irin waɗanda kakanninsu suka daɗe da barin yawo suka kama noma, amma kunyar ɗan fari tana nan a jikinta yadda ta gada. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ko ta ce "ke", ko ta ce wa ƙanwata "kira waccan". A ɗakin kakata na tashi. Ƙannena suna hawa jikinta tana yi musu wasa, ni kuwa in na shigo sai ta sami abin yi a wani gefe. Na san al'ada ce, kowa ya faɗa mini. Amma sanin bai hana ni girma da tunanin cewa ni ce ba ta damu da ita ba.

Na haifi Safiya farkon damina, haihuwa mai sauƙi. Bayan suna aka ce in tafi wankan gida. Lawali bai so ba saboda halin da hanyar Damri take ciki, amma mahaifiyarsa, Hajiya, wadda ke zaune a Maradun, ta ce haihuwar fari ba a yi mata wanka a gidan miji. Inna ma ta aiko cewa tun rani ta tara itace. Na tafi.

Ba abin da Inna ta rage mini. Safe da yamma tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ta tsoma ta fyaɗa mini har fatata ta yi ja. In na fito ga kunun kanwa a kwano, mai kauri, ga romon ƙauri da yaji. Ɗakin kullum da garwashi a kasko. Ba ta yi mini hira, aikinta kawai take. Amma in ta ɗauki Safiya sai ta zama wata mace daban, ta yi mata waƙa da Fillanci, ta sunsuni wuyanta, ta yi ta kiran sunanta. Ina kwance ina kallo, ina cewa a raina ashe ta iya.

Cikin sati na uku takalmina ya daina shiga. Sai wani busasshen tari. Sai ya zama daga ɗaki zuwa banɗaki sai na dafa bango na huta. Matan da ke shigowa gaisuwa suka ce sanyi ne ya shige ni, a ƙara zafin ruwa, a ƙara kanwa. Hajiya ta aiko da ƙullin kanwa mai kyau daga Maradun da wasu sassaƙe. Aka ƙara. Ni ma da hannuna nake ɗaga kwanon in shanye, don ina son in warke.

Sai kwanciya ta gagare ni. Da na sa bayana a katifa sai in ji kamar an danna kaina cikin randa, in zabura in tashi ina laluben iska. Aka tara mini matasan kai, ba su yi ba. Aka jingina mini buhun gero, ya yi tauri, yana zamewa. Wata rana da azahar, na gaji har ina kuka ba hawaye, Inna ta shigo ta tsaya tana kallona. Ta janye buhun, ta zauna a wurinsa ta juya mini baya.

"Jingina," ta ce.

Na jingina bayana da nata. Ina jin ƙasusuwanta, ina jin numfashinta yana hawa yana sauka a hankali, nawa kuwa yana gudu. Ban san sanda barci ya ɗauke ni ba. Da na farka inuwa ta juya, tana nan yadda take, Safiya a cinyarta, ƙafafunta sun yi sanyi har sai da ta dafa ƙasa ta miƙe. Daga ranar, duk barcin da na samu a Damri a bayanta na same shi.

Ita ce ta fara cewa wannan ba sanyi ba ne. Wata safiya ina kan kujerar wanka tururi ya rufe ni, na ga duhu, na zame. Da na dawo hayyacina na ga tukunyar a kife, ruwan yana gudu a tsakar gida. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta ce, "Ki katse mata wanka ba ta yi arba'in ba? Ruɓewa za ta yi ta ciki."

Inna ta ce, "Wanka ya ƙare. Asibiti za mu."

Faɗar ta fi yin sauƙi. A kwanakin an ce an ga mutanen daji, 'yan bindiga, a kan hanya, 'yan kabu-kabu duk sun jingine baburansu, ko nawa za ka ba su ba mai fita. Waya ba ta shiga sai an je bayan gari an ɗaga hannu, kuma duk sanda ƙanena ya je ya gwada lambar Lawali ba ta shiga, ashe yana can wata kasuwa mai nisa. Ga ruwan sama ba ya ɗaukewa. Aka ce sai ranar kasuwa, in motoci sun taru su tafi a jere. Muka zauna jira. Ni a ɗaki a zaune, ba kwanciya ba tsayuwa, cikina ya fara cika da ruwa, ina kallon ƙofa. Inna in ta ji ƙarar inji daga nesa sai ta fita da sauri, can ta dawo ta ci gaba da abin da take yi ba ta dube ni ba. Ban taɓa sanin gari zai iya zama kurkuku ba sai a kwanakin nan. Asibiti yana nan inda a da muke zuwa mu dawo kafin la'asar, ga shi ya yi mini nisan Makka.

Ranar kasuwa aka sa ni a gaban wata tsohuwar mota da aka cika da buhuna. Inna ta matsu a baya da jaririya. A wani shinge 'yan sa-kai suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙo, ya daɗe yana kallon fuskar Inna, ya ce, "Ke daga wace ruga?" Inna ta miƙo hannu ta gaba ta ɗaga bakin zanena, ƙafafuna suka bayyana kamar turame.

"Duba," ta ce.

Ya duba. Ya ja baya ya ɗaga mana hannu.

Asibitin da muka je a Mafara ba zan faɗi sunansa ba, don na ga alheri a ciki na kuma ga akasinsa. Layi ya kai har bakin ƙofa. Aka zaunar da ni a benci kusa da tagar yankan kati, Inna ta shiga layi da Safiya a baya. Da ta isa, mai katin ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Sunan mara lafiya?"

Inna ta waiwayo ta dube ni. Na buɗe baki, iska ba ta isa ta ɗauki magana ba.

"Baba, suna nake tambaya, mutane suna jira."

Ta sunkuyar da kai, ta gyara goyo, ta sake gyarawa. Sannan a hankali, kamar wadda ke ɗaga dutse, ta ce, "Balkisu."

"Ban ji ba."

"Balkisu," ta ce da ƙarfi. "Ɗiyata ce."

Ina kan bencin nan ina kokawa da numfashi, amma sai da na ɗago na dube ta. Ashe haka sunana yake a bakinta, da ɗan jan harshe irin na Fulani.

Likitar da ta gan mu matashiya ce mai tabarau. Ta danna ƙaurina da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ta sa abin sauraro a bayana ta daɗe. Ta tambayi Inna me nake ci, wane irin wanka ake yi mini. Inna ta lissafa mata duka, har da ɗan alfahari, ta ce, "Ban rage mata komi ba."

Likita ta cire tabarau ta ce, "Mama, zuciyarta ce ta gaji. Ta buɗe ta yi laushi, kamar famfon da robarsa ta saki, yana bugawa amma ba ya tura ruwa. Shi ne ruwan ya taru mata a ƙafa da huhu. Daga yau ba kanwa, ba gishiri, ba wankan zafi."

Inna ta ce, "Ke nan ni na yi mata wanga abu?"

"Ba ke kika sa mata ba. Ciwon yana kama har waɗanda ba su taɓa shan kanwa ba. Amma kanwa tana tara ruwa a jiki, zafin kuma yana ƙara wa zuciyar aiki. Da kun ƙara jinkiri da ban san abin da zan ce miki ba. Kin kyauta da kika kawo ta."

Ban ga alamar Inna ta ji maganar ƙarshen ba. Hannayenta take kallo.

Aka ba ni gado. Lawali ya iso washegari, idanunsa jajur, ya tsaya a ƙofar ɗakin mata yana juya hula a hannu. Shi ke zirga-zirgar magani, don kusan komai sai an fita waje an sayo, wani ma sai an aika Gusau. Ciki kuwa Inna ce. Allurar da ake yi mini ta fitar da ruwa ce, fitsari ba ƙaƙƙautawa, ga shi ba na iya sauka daga gado. Inna ke tara fo, ta kai ta zubar, ta wanke, ta dawo. Ita ke goge mini jiki. Ranar farko na rufe fuska da mayafi don kunya. Ta ce, "Mi kike ɓoyo? Ni na fara ganin ki kahin kowa."

Hannuna ba ya iya riƙe Safiya. In lokacin shan nono ya yi, Inna ke durƙusawa a gaban gado ta tallabo ta da hannu biyu ta kai ta ƙirjina, ta riƙe har ta ƙoshi. Ko hannayenta sun gaji, ba ta saukewa. Da nonon ya ragu aka haɗa da madarar gwangwani, ta koyi awonta a wurin wata nas mai kirki, ita da ba ta taɓa riƙe bulumboti ba.

Abin da zan yi ƙorafi a kai yana da yawa. In aka ɗauke wuta injin iskar da ake sa mini a hanci sai ya tsaya, a yi ta jiran a tayar da janareta, ni kuwa ina kallon silin ina ƙirga numfashi. In likitoci za su zagaya sai a kori masu jinya waje, Inna ta tsaya a rana da jaririya har a gama. Wata nas ta taɓa daka mata tsawa don ta shanya zanen Safiya a taga, ta kira ta baƙauya a gaban mutane. Inna ta kwashe zanen ta ce, "Yi haƙuri ɗiyata." A ƙarƙashin gadona take shimfiɗa tabarma. Amma a asibitin nan ne kuma wata nas ta cire safar hannunta ta zauna tana yi mini fifita ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba. Allah ya saka mata.

Abin da ya fi komai azaba shi ne ƙishirwa. An ƙayyade mini ruwan da zan sha a yini, ɗan kaɗan a gora, Inna ke riƙe da ita. Wata rana da zafi ya tsananta na shanye rabona tun kafin la'asar. Na roƙe ta. Ta ce likita ta hana. Na sake roƙo, na yi kuka, na ce kurɓi ɗaya. Ta girgiza kai. Sai na ji bakina ya ce, "Dama can ba ki so na. Da ƙanwata ce da kin ba ta."

Inna ta dube ni, kallon da ba ta taɓa yi mini ba, ido cikin ido.

"Faɗi duk abin da kike so," ta ce. "Ruwa dai ba ni ba ki."

Ta jiƙa bakin mayafinta ta goge mini leɓe. Sai bayan nan na lura ita ma ba ta shan ruwa a ɗakin. In ƙishi ya dame ta sai ta fita can bakin famfo inda ba na gani. Abincina mara gishiri, wanda ko ni sai na toshe hanci nake haɗiyewa, shi take ci, a kwano ɗaya da ni.

Gadon da ke kusa da nawa wata mata ce daga Jangebe, Hauwa, ciwonmu iri ɗaya. Ita tun haihuwar baya ya taɓa ta, ta ji sauƙi ta bar magani, ta sake ɗaukar ciki. Mai jinyarta tana zuwa tana komawa saboda yara, don haka Inna ta haɗa mu biyu, ta tara mata fo, ta ba ta abinci a baki. Muna hira da Hauwa in numfashi ya bari. Ta ce in mun fita za ta kawo mini gyaɗa. Wata rana da hantsi numfashinta ya canza, nas-nas suka taru aka ja labule. Inna ta tashi ta zauna a bakin gadona ta wannan gefen, ta tare ni da jikinta, ta shiga ba ni labarin wata akuyarta mai satar shiga rumbun maƙwabta. Inna da ba ta hira. Ta yi ta magana da ƙarfi, tana maimaita abin da ta riga ta faɗa, har aka gama abin da ake yi a bayanta aka tura gadon waje. Sannan ta tashi ta yi alwala. Allah ya jiƙan Hauwa. Daga ranar na san abin da nake ciki.

Da kumburin ya sauka aka tura mu Sakkwato hoton zuciya. Kafin nan abin hannun Lawali ya ƙare, jarinsa ya taɓu. Ban san yadda aka yi ba sai daga baya ƙanena ya faɗa mini Inna ta aika an sayar da karsanarta, wadda ta gada a wurin mahaifinta. Babban likitan can ya nuna mana zuciyata a allo tana motsi a kasalance. Ya ce magani zan daɗe ina sha. Ya dubi Lawali ya ce, "Kada ta sake ɗaukar ciki sai mun ce. Yana yiwuwa mu ce, yana yiwuwa kuma ba za mu taɓa cewa ba." Da labarin ya kai wa Hajiya ta zo daga Maradun ta duba ni da alheri, amma ta kawo zancen wani mai magani da ke wanke irin wannan a sati biyu, ta ce likitoci ba su ne Allah ba. Lawali ya durƙusa a gabanta ya ce, "Hajiya, ki yi mini haƙuri, ki bar ni da wannan." Ba ta ji daɗi ba, amma ta bari.

Aka sallame ni na koma ɗakina a Mafara, na shiga wani sabon zaman. Ba ɗaukar bokiti, ba daka, ba shara, ba goyo. Daga gado sai tabarmar tsakar gida. Ina jin hayaniyar ranar kasuwa ta bayan katanga, ina jin mata suna wucewa biki, ni ina zaune da ƙwayoyi a hannu. Watanni a haka.

Inna ba ta koma Damri ba. Wanda ya san Fulani ya san abin da ake nufi da uwa ta zauna a gidan surukinta. Ba ta taɓa cin abinci Lawali yana gidan ba. In ta ji sallamarsa sai ta shige ɗan ɗakin da muke ajiye kaya, inda ta zaɓa ta kwana, ta ja ƙofa. Shi ma sai ya yi ta gyaran murya tun daga zaure. Daga bayan ƙofa suke gaisawa, doguwar gaisuwa, ya gajiya, ya kasuwa, ya mai jiki. Gyaɗarta ta nuna a gona ba mai cira, maƙwabta suka tattara abin da ya samu. Ƙannena suna gidan kawu. Wani lokaci in gan ta tsaye a bakin zaure tana kallon titi, ba ta san kowa ba, ba inda za ta. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, in ban da cewa ruwan birni ba shi da ɗanɗano. Ni ciwo ya tsare ni. Ita ba abin da ya tsare ta sai ni.

Lokacin da Safiya ta fara haƙori ta yi zazzaɓi mai zafi, ta ƙi nono, idanunta suka faɗa. Abu ne da kowane yaro ke yi, kwana kaɗan ya wuce. Amma ni ji na yi kamar ana yankar naman jikina. Na riƙe ta a cinya ina kiran sunanta, ina sake kira, kamar sunan ne magani. A nan tunanin ya zo mini. Na ce yanzu a ce an hana ni wannan. A ce kada in kira ta, kada in rungume ta a gaban mutane, in miƙa ta ga wata ta raina, in ta faɗi in kawar da kai. A ce haka zan yi shekara ashirin da wani abu. Ina zan kai abin da ke ƙirjina? Na ɗago na dubi Inna tana tankaɗe a gefe. Duk tsawon shekarun nan ina ganin ba komai a wurinta, ashe riƙe shi take, ita kaɗai, ba ta da wanda za ta nuna wa.

Yanzu da sauƙi sosai, alhamdu lillahi. Ina girki, ina zuwa unguwa, ina kwanciya a bayana kamar kowa, abin da har yau in na yi sai na gode wa Allah. Magani ina kan sha, maganar haihuwa kuma ba a ce komai ba tukuna. Abin da nake roƙon ku shi ne, in mai jego ta fara kumburin ƙafa, tana haki, tana tari, musamman in ta ce ba ta iya kwanciya, kada a tsaya cewa sanyi ne. A sauke tukunya a nemi mota tun hanya tana biyuwa. Wadda aka ce ta sha magani kuma kada ta bari don ta ji sauƙi. Iyayenmu da ke dafa mana ruwan nan ƙauna ce ta sa su, ba wanda ya faɗa musu ne.

Saura in faɗi yadda Inna ta tafi.

Safiya ta tashi ba ta san kowa ba sai ita. A bayanta ta yi wayo, a ɗakinta take kwana. Da ta fara tafiya, wata rana ta yi tuntuɓe a tsakar gida ta fasa leɓe. Na buɗe hannu, ina kusa da ita. Ta wuce ni da gudu tana kuka ta faɗa jikin Inna. Na mayar da hannuna cinya. Na ɗauka ba wanda ya gani.

Bayan kwana biyu na tarar da Inna tana ɗaure kayanta a zane.

"Inna, ina za ki?"

"Gida. Kin samu lahiya."

"Hanyar fa? Ki bari a ga yadda za ta yi."

"Hanya ta Allah ce." Ta ja ƙullin ta ɗaure. "In ina nan, wagga yarinya ba ta sanin uwarta."

Na zauna a ƙasa kusa da ita. Na daɗe ina shirya maganar da zan faɗa mata, mai tsawo, amma da na buɗe baki abin da ya fito kawai shi ne, "Inna, na gode. Allah ya saka miki da Aljanna."

"Godiyar mi?" ta ce, tana neman takalminta. "Ki dai riƙa shan maganinki. Kuma ba ta son kunu da zahi, sai kin hura mata."

Ta sa aka kai Safiya maƙwabta kafin ta fita, don kada ta ga tafiyarta. Lawali ya raka ta tasha, yana gaba da ƙullin kaya tana baya nesa da shi.

Yarinyar ta yi kwanaki tana kuka. Ta je ƙofar ɗan ɗakin ta yi ta bugawa da tafin hannu. Ta ƙi abinci a hannuna, sannan yunwa ta sa ta karɓa, sannan wata rana ta yi barci a ƙirjina da kanta. Sai da aka yi kusan sati biyu ƙanena ya sami kai Inna bayan gari inda waya ke shiga ya kira ni. Muka gaisa, ta tambayi jiki, ta tambayi maigidan. Na ce, "Ga Safiya nan, bari in ba ta ku gaisa."

"A'a," ta ce da sauri. "Kada ta ji muryata, sai ki tada mata hankali. Mi take yi?"

"Wasa take da murfin tukunya."

Sannan ta ce, "To aje wayar kusa da ita. Kada ki ce komi."

Na ajiye wayar a kan tabarma. Safiya tana buga murfi da cokali, tana surutunta da ba mai ganewa, tana dariya ita kaɗai. Daga can ɓangaren ba na jin komai sai iskar bayan gari. Na zauna na rufe bakina da hannu. Haka Inna ta tsaya tana saurare har katin ya ƙare.